Wace sabuwar fasaha ce ta cancanci mutum ya koya tun da wuri?

Tambaya: Ta yaya zan gane fasahar da za ta ɗore tun tana jaririya?

Amsa: Abin da na fi dubawa shi ne ko tana magance matsalar da mutane suke kashe wa kuɗi tun kafin ta zo. Da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, layi kaɗai yana da tsadar gaske, amma aka yi ta rububinsa, domin ɗan kasuwa ya gaji da hawa mota zuwa wani gari don isar da saƙo ɗaya. Yaran da suka zauna gaban masu gyara a lokacin, suna koyon buɗe waya da canza allo, wasu daga cikinsu su ne masu shaguna yau a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano.

Alama ta biyu ita ce faɗuwar farashi. Tsakanin 2010 da 2020 farashin faifan sola ya sauko da kusan kashi 90 cikin ɗari. Da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, janareta ya gagari mutane da yawa, sai wanda ya iya haɗa faifai da batir da inbata ya zama abin nema a unguwa.

Tambaya: Idan duniya ta ɗauki zancen abu, ba shi ne alamar ba?

Amsa: Ba lallai ba. An yi ta yayata Google Glass, wani tabarau mai ɗauke da ƙaramar kwamfuta, a 2013, a 2015 aka daina sayar wa jama'a. ChatGPT kuwa, manhajar da ke amsa tambayoyi kamar ana hira da mutum, ya fito a Nuwamban 2022 da irin wannan hayaniyar, amma ɗalibai da ma'aikata suna komawa gare shi kullum. Ka jira wata shida, ka ga su waye ke amfani da abin ba tare da an biya su su tallata shi ba.

Tambaya: In na koya kuma ta mutu fa?

Amsa: Hakan ta faru da Flash, kayan aikin yin zane mai motsi da wasanni a intanet, wanda kamfanin Adobe ya rufe a ƙarshen 2020. Waɗanda suka haddace maɓallansa kawai sun sha wuya. Waɗanda suka fahimci zane da tsarin rubuta manhaja sun koma wasu kayan aiki cikin 'yan watanni. Shi ya sa nake ba ƙannena shawara su fara da tushe, kamar SQL, harshen neman bayanai a rumbun ajiyar kwamfuta, wanda ake amfani da shi tun shekarun 1970, sannan su ware awa biyu a mako don gwada sabon abu.