Gyaran manhajar inji a sababbin motoci masu gudu

Gyaran manhajar inji shi ne sauya umarnin da ke cikin kwamfutar da ke tafiyar da injin mota, ba tare da an kwance injin ba. Kamfanin da ya ƙera motar ne ke rubuta sabon umarnin, dilolin da ya amince da su kuma su ɗora shi a kan kwamfutar, wadda ake kira ECU, makanikai a Kaduna kuwa suka fi saninta da ƙwaƙwalwar mota. An fi yawan yin wannan gyara a shekara ɗaya ko biyu na farkon fitowar sabon samfuri, musamman a motoci masu gudu, domin injinansu suna aiki ne dab da iyakar zafi da matsin da ƙarfe zai iya jurewa.

Abin da manhajar ke riƙe da shi

Kwamfutar tana karɓar saƙo daga na'urorin da ke auna iskar da ke shiga inji, zafin ruwa, juyin inji, yadda aka taka totur, da iskar da ta rage a cikin hayaƙi. Da waɗannan take yanke yawan fetur ɗin da injekta za ta fesa, lokacin da fulogi zai ba da tartsatsi, da yawan iskar da tabo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, za ta tura. Lissafin yana cikin jadawalai masu yawa da injiniyoyi ke cikawa a lokacin gwaji, kuma akasarin gyaran da ake yi sauya lambobin jadawalan ne kawai. Idan fetur ya fara kama wuta ba bisa tsari ba a cikin silinda, akwai na'urar da ke jin ƙarar, sai kwamfutar ta jinkirta tartsatsin. Inji ya tsira, ƙarfi ya ragu. Kusan kowane gyara yana ɗauke da irin wannan musaya.

Tarihi

Kafin zuwan kwamfuta, kafireta da distiributa ne ke wannan aiki, bakanike kuma yana saita su da sukundireba da kunne. A 1967 kamfanin Bosch na Jamus ya fito da tsarin D-Jetronic a motar Volkswagen 1600, wanda ke sarrafa feshin mai da lantarki, sai dai babu manhajar da za a iya sauyawa a cikinsa. Dokar tsabtar iska da Amurka ta yi a 1970 ce ta matsa wa kamfanoni lamba, domin kafireta ba ta iya daidaita mai da iska gwargwadon yadda sabuwar na'urar tace hayaƙi ke buƙata. A 1979 Bosch ya haɗa sarrafa mai da tartsatsi a kwamfuta ɗaya, wato Motronic, wadda ta fara fitowa a BMW 732i. Zuwa 1981 General Motors ya sa kwamfuta a motocinsa na kasuwar Amurka.

A wancan zamani umarnin yana cikin wani ɗan guntu ne da ake tsirawa a jikin allon kwamfutar. Idan kamfani ya gano kuskure, sai ya aika wa dila sabon guntu mai sabuwar lamba, bakanike ya buɗe akwatin, ya zare tsohon ya sa sabon. Gyaran manhaja a lokacin daidai yake da sayar da kayan gyara, yana da kwali, yana da wurin ajiya a sito. Daga nan ne kuma sana'ar ƙara wa mota ƙarfi ta samo asali, domin masu tsere sun koyi karanta guntun, su sauya jadawalin, su rubuta nasu.

Abubuwa biyu suka sauya lamarin a shekarun 1990. Na farko, ma'ajiyar da ake iya gogewa a sake rubutawa tana cikin mota, wadda ta bazu wajen tsakiyar shekarun. Na biyu, jihar Kalifoniya ta tilasta wa motoci su riƙa sa ido a kan na'urorin hayaƙinsu da kansu, har aka kai ga tsarin OBD-II, wanda ya zama dole ga duk motar da ake sayarwa a Amurka daga 1996. Shi ne ya kawo soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda duk mai na'urar bincike a Panteka, kasuwar makanikai da kayan gyara ta Kaduna, ya sani a yau. Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur, a 2004 ga na dizal. Hanyar sadarwa ta CAN, wadda Bosch ya gabatar a 1986, ita ta ba kwamfutocin mota damar magana da juna a kan waya biyu, ta yadda daga soket ɗaya za a iya kaiwa ga kwamfutar inji, ta giya da ta burki. Daga baya ƙa'idar J2534 ta ba gareji masu zaman kansu damar ɗora manhajar da ta shafi hayaƙi, muddin sun biya kuɗin shiga shafin kamfanin.

Babu abin da ya fito da girman al'amarin kamar badaƙalar Volkswagen. A Satumban 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa an rubuta manhajar wasu motocin dizal na kamfanin yadda za ta gane lokacin gwaji, ta rage hayaƙi, a kan titi kuma ta saki. Motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa a duniya. A Turai, gyaran yawancinsu sabuwar manhaja ce. A shekarar dai, bayan wasu masu bincike biyu, Charlie Miller da Chris Valasek, sun nuna za a iya kutsawa cikin Jeep Cherokee daga nesa, Fiat Chrysler ya kira motoci miliyan 1.4, ya kuma aika wa masu su gyaran a cikin filas. Tun daga lokacin kamfanoni suka ƙara kulle kwamfutocinsu da sa hannun sirri, ta yadda ba za su karɓi manhajar da ba ta kamfanin ba.

Matakan gyara

Ba duk gyara ne matsayinsa ɗaya ba. Mafi nauyi shi ne kiranye, wanda ake yi idan matsalar ta shafi rai ko dokar hayaƙi. Ana rubuta wa masu motoci, gyaran kyauta ne, kuma a Amurka haramun ne dila ya miƙa sabuwar motar da ba a yi wa gyaran kiranye ba. Akwai kuma gangamin gyara da kamfani ke yi don kansa, inda ake ɗora manhajar duk lokacin da mota ta shigo sabis. Na ƙarshe shi ne takardar bayani ga makanikai, wadda ke cewa idan mai mota ya yi ƙorafin kaza, a ɗora masa manhaja lamba kaza. Wannan ba a sanar da kowa, ba a kuma yin sa kyauta sai motar tana cikin garanti. Mafi yawan gyare-gyaren motoci masu gudu, irin su rawar inji a tsaye, jinkirin amsa totur, ko fizgar giya, a wannan mataki suke. Shi ya sa mutum biyu masu mota iri ɗaya, ɗaya zai samu gyara, ɗaya bai ma san akwai shi ba.

Yadda ake yin aikin a wurin dila

Komai yana rataye ne da lambar shasi mai alamomi 17. Bakanike zai jona kwamfutar kamfanin, ISTA ga BMW, XENTRY ga Mercedes-Benz, ODIS ga Volkswagen da Audi, PIWIS ga Porsche, Techstream ga Toyota. Ita za ta karanta lambar manhajar da ke cikin motar, ta tambayi rumbun kamfanin ta intanet ko akwai wadda ta fi ta sabunta. Kafin a fara, ana jona batir da na'urar da ke riƙe wuta daidai, wajen bolt 13 zuwa 14, domin inji a kashe yake, fanka da famfon mai kuma na iya tashi a tsakiyar aiki. Sai a goge tsohuwar manhajar, a rubuta sabuwar. Yana iya ɗaukar 'yan mintoci, yana iya kaiwa sa'o'i idan kwamfutoci da yawa za a sabunta tare. Idan wuta ta yanke ana cikin rubutu, wani lokaci ana iya sake farawa, wani lokaci kwamfutar ta mutu ke nan. Bayan an gama ana share lambobin kuskure, a bar inji da giya su sake koyon saitinsu, a zagaya da motar, a rubuta aikin a kundin kamfanin. Galibi ba a komawa tsohuwar manhaja.

Kamfani ne ke biyan dila kuɗin aikin garanti, bisa lokacin da ya ƙayyade tun farko, yana kuma iya ƙin biya idan babu hujja. Wannan ne ke sa dila ya ce sai ya ga matsalar da idonsa kafin ya taɓa komai.

Misalai

Mazda RX-8, wadda ta fito a 2003, ta sha sabuntawa iri-iri. Injinta kan shaƙe da fetur idan aka kashe shi bai yi zafi ba, sai aka yi ta sauya yadda yake tashi da yawan baƙin man da ake fesa masa, daga baya aka tsawaita garantin injin a Amurka zuwa shekara 8 ko mil 100,000.

Nissan GT-R ta fito a Japan a ƙarshen 2007 da tsarin tashi da ƙarfi daga tsaye. Giyoyin wasu sun lalace, aka yi ta jayayya kan wanda zai biya. Wajen 2009 kamfanin ya sauya manhajar, ya rage juyin injin a lokacin tashi.

Chevrolet Corvette ta 2020 tana rage ƙarfin da ke zuwa giya ta ɗaya da ta biyu a mil 500 na farko, kimanin kilomita 800, sannan ta saki da kanta.

Akwai inda manhaja ba ta da abin yi. A 2014, bayan motoci biyu sun kama wuta, Porsche ya dakatar da 911 GT3 guda 785, ya gano wani noti ne ke kwancewa a cikin inji, ya sauya injinan gaba ɗaya. Masu lura da harkar kan kawo wannan a matsayin ma'auni, domin sauya inji ya ninka sauya manhaja tsada nesa ba kusa ba, kuma wannan bambanci ne ke sa a zargi kamfani idan ya zaɓi hanya mai sauƙi.

Taƙaddama

Masu motoci kan ce ƙarfi ya ragu ko shan mai ya ƙaru bayan gyara, kamfanoni kan musanta. Haka aka yi bayan gyaran Volkswagen a Turai. Sabuntawar dila tana goge duk wani ƙarin ƙarfi da aka yi a waje, wasu kamfanoni kuma suna yi wa motar alama, kamar TD1 ta Audi da Volkswagen, abin da kan shafi garantin inji da giya.

Sabuntawa ta intanet

Tesla ya fara tura manhaja kai tsaye zuwa motoci a 2012. Yanzu kamfanoni da yawa suna yi, ko da yake sun fi sakin jiki da na allon dashbod fiye da na inji. Dokar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 156, wadda ta fara aiki a 2021, ta buƙaci kamfani ya ajiye cikakken tarihin kowace sabuntawa.

A Kaduna

Kaduna gari ne mai tsohon tarihi da mota. Masana'antar Peugeot ta Kakuri ta fara haɗa motoci a 1975, kuma 404 da 504 su suka yaye dubban makanikan da kafireta ce karatunsu. Zuwan 406 mai injekta, tare da kwararowar motocin Kwatano, shi ya tilasta wa garejoji, daga Tsohuwar Panteka zuwa Sabuwa, neman na'urar bincike da masu iya karanta ta. Aikin ya fi faɗawa hannun 'yan rewaya da matasan da suka iya kwamfuta.

Sabuwar mota mai gudu kuwa ba kasafai ake sayen ta a Kaduna ba. Wakilan manyan kamfanoni, kamar Coscharis na BMW da Weststar na Mercedes-Benz, sun fi ƙarfi a Legas da Abuja, don haka aikin garanti yakan buƙaci tafiya. Da yawa kuma ana shigo da su ne daga Amurka, Turai ko Dubai ta hannun 'yan kasuwa, garantinsu bai cika ƙetarowa tare da su ba, takardar kiranye kuma tana zuwa adireshin mai ita na farko. Ga motar da ta fito daga Amurka, shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran mota ta ƙasar, yana nuna kiranyen da ba a yi ba idan aka shigar da lambar shasi, kuma kyauta ne.

Man fetur ma yana da nasa tasiri. Ma'aunin oktan, wato juriyar fetur ga kama wuta ba bisa tsari ba, wajen 91 yake a Najeriya, alhali yawancin waɗannan injina an saita su ne a kan 95 zuwa 98. Motar Amurka da aka rubuta mata 91 a murfin tanki wani ma'auni take nufi, wanda ya yi daidai da 95 ko sama a lissafin da ake bi a nan. Idan zafin Maris da Afrilu ya haɗu da wannan, ga ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska, sai kwamfuta ta yi ta janye ƙarfi, mai mota ya ɗauka lalacewa ce. Manhajar da aka rubuta don wata kasuwa ba ta warware wannan. Haka nan cire tamostat ko na'urar tace hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi, yana rikita lissafin kwamfutar, wutar gargaɗi ta kama a dashbod, goge lambar kuskure da na'ura kuma ba sabunta manhaja ba ne, ko da yake sau da yawa ana kiran su da suna ɗaya a gareji.

Wasu garejoji masu zaman kansu suna ɗora manhaja da kwafin na'urorin dila da fayilolin da aka samo a intanet. Haɗarin yana ga fayil ɗin da bai dace da lambar kwamfutar ba, da yankewar wuta ko intanet ana tsakiyar aiki. Sababbin motoci da aka kulle tun daga wajen 2018 zuwa 2020 ba sa karɓar wannan hanya sai da izinin rumbun kamfanin.

A ɓangaren doka, hukumar FCCPC ce ke da hurumin kare mai saye, NADDC kuma ke kula da masana'antar motoci.