Hauhawar Ruwan Ƙwaƙwalwa: Allurar Baya da Maganin Sha

'Yan uwana mata na Makka da Jidda, musamman masu jiki, akwai ciwon kan da bai kamata a raina ba. Kai na sara kullum, kunne na shuu-shuu daidai da bugun zuciya, in an sunkuya sai ido ya rufe na ɗan lokaci. Yana iya zama ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa ne ya hau, yana danne jijiyar gani. Ganin da ya tafi ta wannan hanya da wuya ya dawo.

Da likita ya ce za a ɗebi ruwa ta baya, sai dangi su ce za a gurgunta mai ciwon. Ana sa allurar ne a ƙugu, ƙasa da inda lakar baya ta ƙare, don haka shanyewar ƙafa abu ne mai wuyar faruwa ƙwarai. Abin da aka fi gani bayan allurar shi ne ciwon kai mai tashi in an zauna, ya lafa in an kwanta. In ya ƙi tafiya, ana toshe gurbin allurar da jinin mai ciwon. Shigar ƙwayar cuta da zubar jini ba kasafai ba, amma mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin ta faɗa tun kafin a fara. Kuma sai an ɗauki hoton kai tukuna, domin in akwai ƙari a ciki allurar na da haɗari sosai.

Da allurar ake auna ƙarfin ruwan, in ya wuce santimita 25 a bututun awo, to ya hau. Maimaita ta kuwa ba ya warkarwa, tunda jiki na samar da kusan rabin lita kullum, cikin sa'o'i an mayar da abin da aka ɗiba.

Maganin da aka fi bayarwa shi ne acetazolamide, wato Diamox, mai rage samar da ruwan. Yana sa yatsu jin kamar tsira allura, lemon kwalba ya canza ɗanɗano, wani lokacin har tsakuwar ƙoda. A zafin nan namu a yawaita shan ruwa, a kuma tambayi likita kafin azumi. Akwai wani maganin, topiramate, amma yana cutar da ɗan tayi. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki yana taimakawa matuƙa. Mai shan doxycycline don ƙurajen fuska ta sanar da likita, shi ma yana tayar da ciwon.

Don Allah kada a fasa zuwa awon ido ko da ciwon kan ya yi sauƙi. Ana samun shawarar likitan Ma'aikatar Lafiya a lamba 937, amma in gani ya fara raguwa a wuce asibiti a ranar.