Waiwaye: Yadda Kiɗan Kambodiya Ya Shiga Zauren Kiɗan Turawa

Tun zamanin daular Angkor ake kiɗan fada a Kambodiya, siffofin makaɗa ma na nan a sassaƙe jikin bangon tsohon wurin ibada na Angkor Wat. Ginshiƙinsa shi ne rukunin pinpeat: akwai roneat, jerin itatuwa da ake bugawa da sanduna biyu, da ƙananan ƙararrawar tagulla da aka jera a da'ira, da sralai mai kama da algaita, sai ganguna. Ba a rubuta wannan kiɗa, daga hannun malami yake zuwa kunnen almajiri.

Shi ya sa ɓarnar mulkin 'yan kwaminisanci na Khmer Rouge daga 1975 zuwa 1979 ta yi masa mummunar illa. An ƙiyasta kashi 90 cikin 100 na masu fasahar ƙasar sun hallaka, kuma duk makaɗin da ya mutu, da abin da ya haddace ya tafi.

A lokacin, Chinary Ung, mai tsara kiɗa ɗan Kambodiya, yana Amurka. An haife shi a Takeo a 1942, ya isa New York a 1964 don karatun kiɗan Turawa, ya kammala digirin digirgir a Jami'ar Columbia a 1974. Da ƙasarsa ta faɗa cikin bala'i, sai ya ajiye alƙalami kusan shekara 10. Ya koyi buga roneat, ya shiga tattara tsofaffin fayafayan kiɗan gargajiya. Da ya dawo rubutu, salonsa ya sauya. Aikinsa Inner Voices ya ci kyautar Grawemeyer ta tsara kiɗa a 1989.

Haɗa kiɗan Kambodiya da na Turawa ba sauƙi gare shi ba. Sautukan pinpeat ba su daidaita da na fiyano, kuma makaɗin Kambodiya kan ƙawata waƙa da nasa salon, alhali Bature abin da ke kan takarda yake bi. Ung bai tsaya ɗora tsohuwar waƙa kan goge irin na Turawa ba, wanda a ganina shi ne aikin rago. Sai ya sa makaɗa su riƙa jan sauti suna lanƙwasa shi, har su rera waƙa ko su yi fito suna cikin kiɗa, kamar yadda makaɗan ƙauye ke yi.

Wani mai tsara kiɗan, Him Sophy, wanda aka haifa a 1963, ya ga zamanin Khmer Rouge yana yaro, daga baya ya yi karatu a Mosko. A 2017 shi da mai shirya fim Rithy Panh suka fito da Bangsokol, kiɗan juyayin waɗanda aka kashe, mai ɗauke da sunan addu'ar mamata ta mabiya Buddha. A nan kayan kiɗan Kambodiya da na Turawa suka zauna dandali ɗaya. Ƙungiyar Cambodian Living Arts, wadda Arn Chorn-Pond ya assasa tushenta a 1998 don nemo tsofaffin makaɗan da suka tsira, ita ta ɗauki nauyin aikin. An fara nuna shi a Melbourne ta Ostareliya, sai a 2019 ya isa Phnom Penh, babban birnin Kambodiya.