"Wasan yaƙi" ba atisaye ba ne

Kwanan nan duk tashar da na kama sai na ji "wasan yaƙi". Jiragen ruwan Sin sun kewaye Taiwan, mai karanta labarai ya ce wasan yaƙi suke yi. Sojojin Amurka da na Koriya ta Kudu sun fita fili da tankoki, wasan yaƙi. Rannan kuma a wata muhawara wani ɗan siyasa ya ce wa abokin hamayyarsa ya daina wasan yaƙi da tsaron ƙasa, yana nufin wasan yara. Na rage muryar rediyo don haushi.

Abin da sojoji suke yi a fili, da bindigogi da man fetur da gumi, yana da sunansa tun tuni: atisaye. Irin wanda aka yi a Agadas da Tawa a 2018 da sunan Flintlock. Ba wanda ya taɓa ruɗewa da wannan kalma, sai da masu fassara suka ga turawa na haɗa abu biyu a suna ɗaya, wato "war game", su ma suka bi sahu ido rufe. Wasan yaƙi na ainihi a kan tebur ake yinsa, ba a harba ko harsashi ɗaya, kuma mutum biyu da alƙali sun isa.

Sunan daga Jamusanci ya fito, Kriegsspiel, wato yaƙi da wasa a manne. A 1812 wani mutumin Farusiya, wata tsohuwar daular Jamusawa, mai suna Reisswitz ya kai wa sarkinsu wani tebur mai aljihuna cike da gutsattsarin tuddai da koguna da ƙauyuka, waɗanda ake jerawa a tada fagen daga. Sarki ya ji daɗi, amma abin bai wuce fada ba. Ɗansa ne, wanda hafsa ne a rundunar igwa, ya gyara shi a 1824. Ya kawo taswira ta gaske, mai ma'aunin ɗaya bisa 8,000, ya sa ƴan dunƙulen darma su tsaya a madadin bataliyoyi, ɓangare ɗaya ja, ɗaya shuɗi, kowane zagaye kuma daidai da minti 2 na yaƙi. Sannan ya shigo da abin da ni a ganina shi ne ran wasan gaba ɗaya: alƙali. Kai kwamanda ba ka taɓa sojojinka da hannunka. Umarni za ka rubuta ka miƙa masa, shi ne zai lissafa tsawon lokacin da ɗan aike zai ɗauka a kan doki, ya jefa ƴan lido don sanin ɓarnar da harbi ya yi, ya gaya maka iyakar abin da idonka zai iya hangowa daga inda kake tsaye. Sauran kuwa ka yi ta zato. An ce da shugaban hafsoshi Janar Müffling ya gama kallo cewa ya yi wannan ai ba wasa ba ne, horon yaƙi ne. Bayan Farusiya ta lallasa Faransa a 1870 zuwa 1871, sai rundunonin wasu ƙasashe suka yi ta kwaikwayo.

Ka ga ke nan ɗan siyasar can ma ya yi kuskure ta nasa ɓangaren. Da shugabanni suna wasan yaƙi da tsaro a ma'anarsa ta asali, da sun riƙa ganin ramin a kan tebur kafin su tura ƴaƴan mutane cikinsa.

Daga bariki abin ya sauko gidajen fararen hula. A 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da dokokin wasa da ƴan sojojin darma a tsakar ɗaki, daga nan ya zama sha'awa mai zaman kanta, da kamfanoni masu zuba ƴan mutum-mutumi. Mu a Damagaram bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Garin da ake wasan kara, inda yaro yake gina doki da laka ya ɗora masa mahayi da mashin tsinke, mene ne sabo a ciki? Dokoki da ma'auni kawai muka rasa.

To, ma'aunin nan shi ne wurin da har masu wasan kansu suke tuntuɓe. In an ce soja mai milimita 6 ko 15 ko 28, tsayin ɗan mutum-mutumin ake nufi, kuma ko a nan kamfanoni ba su daidaita ba, wasu suna aunawa daga tafin ƙafa zuwa ido, wasu zuwa tsakar ka. Milimita 6 ya yi kusan ɗaya bisa 300: namiji mai mita 1.8 ka raba shi gida 300, ka sami abu kamar ƙwayar shinkafa. Amma ma'aunin soja daban, ma'aunin ƙasa daban. Da za a bi ɗaya bisa 300 a ƙasa, tebur mai mita 2 bai wuce fili mai mita 600 ba, igwa ma ta harba ta wuce shi. Shi ya sa dokoki suke matse ƙasa, su ce ɗan soja ɗaya yana wakiltar mutum ashirin ko hamsin. Wanda bai gane wannan ba shi ne zai tsaya yana gardama wai ya za a yi doki ya fi gida faɗi.

Ni da manya na fara, masu milimita 28, waɗanda wani ƙanena ya kawo mini daga Faransa. Kyau kam ba a magana, har gashin baki ana gani. Amma kowane ɗaya sai ya cinye mini dare biyu wajen fenti, hunturu kuma yana busar da fentin a bakin burushi kafin in kai shi jikin soja. Na yi goma sha huɗu na ajiye kwalin a ƙarƙashin gado, shekara guda ban waiwaye shi ba. Yawancin waɗanda sha'awar ta mutu a hannunsu haka ta mutu, tulin sojoji marasa fenti suna kallonsu kamar masu bin bashi.

Ƙananan ne suka dawo da ni. Ba ido, ba maɓalli, ɗigon fari a rawani, ɗigon ja a riga, ka manna su jeri-jeri a kan gutsuren kwali, ka barbaɗa rairayi. A kusa ba su da fasali, amma ja da baya tsawon hannu sai ka ga runduna. Tsakanin isha'i da barci ina gama rukuni guda, kuma gamawar nan ita ce ke sa gobe in sake zama. Masu manyan suna cewa namu ba fasaha a ciki. Su dai zane suke yi, mu kuwa fagen daga muke nema, inda dawaki ɗari biyu za su yi sahu a teburin shan shayi har a sami wurin zagaye ta bayan abokin gaba.

Yanzu Tirmini muke ƙoƙarin tadawa, karon da aka yi a 1899 tsakanin mayaƙan Sarki Amadu Kuran Daga da rundunar Faransawa, yamma da gari. Babu kamfanin da na samu yana zuba barden Damagaram, don haka mahayan Larabawa muka saya muka yi musu lifidi da ɗigon gam. Igwogin da aka ƙera tun zamanin Sarki Tanimun kuwa da tsinken ashana muka yi su. Wani dattijo maƙwabcina, tsohon malamin lakwal, shi ne alƙali, kuma ba ya sassauci. A zaman farko na ba da umarni dawakaina su afka ta dama, ya duba takardarsa ya ce, "Ɗana, ɗan aikenka bai iso ba tukuna." Na ce, "Baba, ai ga su nan ina ganinsu." Ya ce, "Kai kake ganinsu daga sama. Sarki ƙura kawai yake gani."

Zagaye uku dawakan suka yi a tsaye ana harbinsu. Washegari da safe uwargida ta zo shara, ta ga wasu abubuwa a tabarma ta ɗauka tsakuwar shinkafa ce, barade goma sha biyu suka tafi da tsintsiya. Bakwai na tsinto a bola.