Dalilin da ya sa ake rantsar da gwamna alhali shari'ar zaɓensa tana gaban kotu

An yi zaɓen gwamnan Kaduna ranar 18 ga Maris 2023, aka rantsar da Uba Sani ranar 29 ga Mayu, amma sai a watan Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta rufe ƙarar da Isa Ashiru na PDP ya shigar, lokacin da gwamnan ya kusa wata takwas a Gidan Sir Kashim Ibrahim, wato fadar gwamnatin jihar. Mutane da yawa sun ɗora laifin a kan jan ƙafar alƙalai, alhali kuwa jinkirin yana rubuce a cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999.

Sashe na 285 ya ba wanda bai yarda da sakamako ba kwana 21 daga ranar da aka bayyana wanda ya ci domin ya shigar da ƙara. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe tana da kwana 180 ta yanke hukunci a rubuce, Kotun Ɗaukaka Ƙara tana da kwana 60, sannan idan zaɓen gwamna ne Kotun Ƙoli ma tana da nata kwana 60. Ƙarar ɗan majalisa, na tarayya ko na jiha, a Kotun Ɗaukaka Ƙara take tsayawa. Idan aka haɗa kwanakin shari'ar gwamna, za a samu 321. Shi kuma sashe na 178 ya hana a gudanar da zaɓen gwamna fiye da kwana 150 kafin wa'adin mai ci ya ƙare. Ke nan ko da hukumar zaɓe ta INEC ta sa zaɓe a rana ta farko da doka ta yarje mata, ranar rantsarwa za ta riski shari'ar tun ba ta yi rabi ba. A 2023 tazarar ma kwana 72 ce kacal.

Wa'adin nan, duk da tsawonsa, gyara ne aka yi a 2010, domin kafin nan kundin bai ƙayyade wa shari'ar zaɓe lokaci ba. Peter Obi ya tsaya takara a Anambara a 2003, bai hau kujerar ba sai a watan Maris 2006, su kuma Kayode Fayemi na Ekiti da Rauf Aregbesola na Osun sai a ƙarshen 2010 suka karɓi nasarar zaɓen 2007. Sai dai maganin ya zo da nasa ɗacin. A shari'ar gwamnan Borno a 2012 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ba a ƙara ko kwana ɗaya a kan 180 ɗin, ko da kotun sama ce ta ba da umarnin a sake sauraron ƙarar, don haka lauyan wanda ake ƙara ya gane cewa ɓata lokaci ma makami ne.

Mu a Kaduna mun ga yadda ƙa'idar lokaci take danne gundarin magana. Ranar 28 ga Satumba 2023, da kotun zaɓe ta karanta hukuncinta, magoya bayan kowane ɓangare sun ɗauka su ne suka yi nasara, ana ta musu a teburin mai shayi, wannan yana nuna wa wancan abin da ya gani a wayarsa. Abin da ya faru shi ne, kotun ta kori ƙarar saboda ba a nemi zaman share fage, wato zaman da ake yi kafin a fara sauraron shaidu, a lokacin da doka ta tanada ba, amma mafi rinjayen alƙalan suka ce da don abin da ke cikin ƙarar ne kawai, da an sake zaɓe a wasu rumfuna. A ganina, hukuncin da talaka ba zai iya faɗin wanda ya ci ba sai ya nemi lauya, akwai gyara a dokar da ta haife shi.

Shawarar gyaran ba sabuwa ba ce, kuma ɗan jihar nan ne ya jagorance ta. Kwamitin da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa a 2007 ƙarƙashin tsohon Alƙalin Alƙalai Muhammadu Lawal Uwais, haifaffen Zariya, ya miƙa rahotonsa a watan Disamba 2008, inda ya nemi a kammala duk shari'ar zaɓe kafin a rantsar da kowa, a kuma ɗora wa INEC nauyin tabbatar da cewa zaɓe ya yi daidai, maimakon a bar mai ƙara yana tattaro shaidu rumfa-rumfa.

Cimma na farkon yana buƙatar ko dai a rage kwanakin sashe na 285, ko a jawo ranar zaɓe baya sosai, kuma dukansu taɓa kundi ne, wanda gyaran Dokar Zaɓe kaɗai ba ya isa gare shi. Sashe na 9 ya ce sai kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan kowace majalisa sun amince, wato sanatoci 73 cikin 109 da wakilai 240 cikin 360, sannan majalisun dokokin jihohi 24 cikin 36 su mara baya. Majalisar dokokinmu ta Kaduna mai zama a Lugard Hall tana da ƙuri'a ɗaya a cikin wannan lissafi.