Fina-finan almarar kimiyya: me suke gaya mana game da fasaha?

Wane irin fim ake nufi da na almarar kimiyya?

Fim ne da ake gina labarinsa a kan wata fasaha da babu ita tukuna, ko wadda akwai amma aka kai ta maƙura: mutum-mutumi mai tunani, tafiya wata duniyar, sauya ƙwayoyin halittar ɗan Adam. Marubucin yakan ce, "A ce wannan abu ya tabbata, yaya zaman jama'a zai kasance?" Sauran labarin amsar tambayar ce.

Ashe ba hasashen gobe suke yi ba?

In hasashe ne, to sun sha kuskure. Blade Runner na 1982 ya nuna birnin Los Angeles na 2019 da motoci masu tashi sama, amma da jarumin ya so kiran wata, sai da ya nemi wayar haya a mashaya. Shekarar 2019 ta zo ta wuce, motoci na nan a ƙasa, waya kuwa tana aljihun kowa.

Abin da suka fi iya nunawa shi ne fargabar zamanin da aka yi su. Metropolis, wanda Fritz Lang ya shirya a Jamus a 1927, ya ajiye attajirai a saman dogayen benaye, leburori kuma a ƙarƙashin ƙasa suna bauta wa injina. Damuwar zamanin masana'antu ke nan. Godzilla ya fito a Japan a 1954, shekara tara bayan bama-baman Hiroshima da Nagasaki, kuma a shekarar da ƙurar gwajin nukiliyar Amurka a tsibirin Bikini ta zubo wa wani jirgin masunta na Japan. Dodon da gwajin bam ya tayar daga teku bai buƙaci wani bayani ba a wurin masu kallo na lokacin.

Fim ya taɓa sauya wani abu a zahiri?

Ya taɓa. A 1983 Shugaba Ronald Reagan ya kalli WarGames, labarin wani matashi da ya kutsa kwamfutar sojin Amurka har ya kusa tayar da yaƙin nukiliya. Ya tambayi babban hafsan hafsoshinsa ko hakan na iya faruwa, aka bincika aka ce masa matsalar ta fi yadda yake zato. A 1984 ya sa hannu a kan wani umarni na tsaron kwamfutocin gwamnati.

Amma galibi tasirin bai kai haka fitowa fili ba. Fim yakan ba mutane misalin da za su yi muhawara da shi. Gattaca na 1997 ya nuna al'ummar da ake ɗaukar mutum aiki bisa ƙwayoyin halittarsa, wanda aka haifa ba tare da "gyara" ba kuma sai dai shara da goge-goge. Amurka ta kafa dokar hana irin wannan wariya a wurin aiki da inshorar lafiya a 2008. Da masanin kimiyyar China He Jiankui ya sanar a 2018 cewa ya sauya ƙwayoyin halittar wasu jarirai tagwaye, sunan wannan fim ya yi ta fitowa a bakin masu sharhi. Haka ma Minority Report na 2002, inda ake kama mutum kafin ya aikata laifi, ya zama abin kwatance duk lokacin da aka zo maganar manhajojin da 'yan sanda ke hasashen laifi da su.

Ina suke ɓatar da mai kallo?

A wurin ɗora laifi. Tun daga The Terminator na 1984, an saba wa ido da na'urar da ta yi wa mai ita tawaye ta ɗauki bindiga. Wannan yana da daɗin kallo, sai dai yana kawar da hankali daga ɓarnar da ba ta da ƙara: manhajar da ta yi watsi da takardar neman aikinka, ko kamfanin da ke tara bayananka yana sayarwa. A irin waɗannan, na'urar ba ta bijire wa kowa ba, umarnin masu ita take bi. A ganina fim ɗin da ya ɓoye masu na'urar ya bar rabin labarin.

Akwai kuma masu kallon gargaɗi su ɗauke shi talla. Fim ɗin Her na 2013 labarin kaɗaici ne, na mutumin da ya faɗa soyayya da muryar kwamfuta. A 2024 kamfanin OpenAI ya nuna wata muryar ChatGPT, manhajarsa mai hira da mutane, wadda jama'a suka ce ta yi kama da ta Scarlett Johansson, wadda ta yi muryar a fim ɗin. Ta yi ƙorafi, kamfanin ya dakatar da muryar, yana cewa ta wata 'yar wasa ce daban.

To, da wane ido ya kamata a kalle su?

A duba shekarar da aka yi fim ɗin da abin da ke damun mutane a lokacin. Sannan a nemi mai fasahar a cikin labarin: wa ya biya kuɗin ƙera ta, wa ke cin riba, wa aka bari da wahala. Malamin da ke son tattauna ƙirƙirarriyar basira da ɗalibansa zai iya nuna musu minti goma na Gattaca ko Her, ya tsayar, ya tambaye su wace doka ce da tana nan da abin bai kai haka ba.