Ra'in Tsirkiya: Tambayoyin da Aka Yi Mini a Majalisarmu ta Gwale

Ina koyar da fiziks a wata sakandare a nan Kano. Ran Juma'a bayan la'asar, ɗan yayana da ke jami'a ya taso da zancen ra'in tsirkiya a majalisa, 'yan majalisa kuwa suka yi mini caa. Ga tambayoyinsu da abin da na amsa.

Kawu, ba ƙwayar zarra ce mafi ƙanƙanta ba?

Da haka aka ɗauka. Amma a cibiyarta akwai furoton da niyutiron, ilektiron na kewaye, kuma kowane furoton ƙananan ƙwayoyi uku ne a ɗaure, masu suna kwak. Lissafin da ya tattara waɗannan ƙwayoyi da ƙarfi uku da ke aiki tsakaninsu shi ake kira Daidaitaccen Tsari. Abdus Salam ɗan Pakistan na cikin maginansa, ya samu kyautar Nobel a 1979. Cikonsa na ƙarshe, ƙwayar Higgs, an gano ta a 2012 a cibiyar binciken fiziks ta CERN da ke kusa da Janiba, cikin LHC, na'urar da ke gwara ƙwayoyi da juna, mai kewayen kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa.

To me kuma ya rage?

Ƙarfi na huɗu, wanda ke jawo mangwaro ƙasa idan ya tsinko. Einstein ya yi bayaninsa a 1915, amma in aka gwama lissafinsa da na ƙananan ƙwayoyi, sai amsa ta fito lamba marar iyaka, wato lissafi ya watse. Ga shi kuma abin da Tsarin ya sani bai wuce kashi 5 cikin 100 na abin da ke sararin samaniya ba.

Malam, ina tsirkiya ta shigo?

Ku dubi mai goge. Tsirkiyarsa ɗaya ce, amma yadda ya danna ta, haka amo ke sauyawa. Ra'in ya ce ƙwayoyin nan ba ɗigo ba ne, 'yan tsirkiyoyi ne masu kaɗawa: ta kaɗa haka ta zama ilektiron, ta kaɗa wani salon ta zama kwak. Abin da ya ja hankalin masana shi ne, ɗaya daga cikin salon kaɗawar ya fito da siffar ƙwayar da za ta ɗauki ƙarfin jan nauyi, ba tare da wani ya cusa ta ba. A 1984 Michael Green da John Schwarz suka nuna lissafin bai ci karo da kansa ba, nan kasuwarsa ta buɗe.

An ce wai duniya fuska goma gare ta?

Lissafin ne ya buƙaci haka. Mu huɗu muka sani: tsawo, faɗi, zurfi, da lokaci. Sauran shidan ana zaton a naɗe suke. Tabarmar da muke zaune a kai tana da tsawo da faɗi; naɗe ta tamau ka jingine a bango, wanda ya hango daga bakin titi sanda kawai zai gani. Edward Witten ya nuna a 1995 cewa nau'o'in ra'in guda biyar rassan abu ɗaya ne mai fuska 11.

An taɓa ganin tsirkiyar?

Ko kusa. Girman da ake zato, in za ka rubuta shi da mita, sai ka jera sifili 34 bayan ɗigo kafin ka sa lamba. LHC ba ta ko kama hanyar can ba. An kuma sa ran za ta tono wasu tagwayen ƙwayoyi da ra'in ke so, har yau shiru. Ga wata matsalar da ta fi damuna: hanyoyin naɗe fuskokin nan shida suna da yawan da ba ya ƙirguwa, kowace da irin duniyar da take haifarwa. Ra'in da ya yarda da kowace amsa, ta ina za ka kama shi da kuskure?

To yanzu aikin me suke yi?

Wasu sun mai da shi kayan aiki. A 1997 Juan Maldacena ɗan Ajantina ya nuna cewa lissafin jan nauyi a wani irin sarari daidai yake da lissafin ƙwayoyi a kan iyakar sararin, kuma da wannan ake bin diddigin inda bayanin abin da ya faɗa baƙin rami (wuri a sararin samaniya da ko haske ba ya kuɓuta daga jansa) ke zuwa. Cumrun Vafa ya ɓullo da wata hanya a 2005, ta tace duniyoyin da ra'in ya haramta, aka sa musu suna fadama. Sakamakon DESI, wani binciken sararin samaniya da ake yi a Amurka, a 2024 da 2025 ya nuna alamar ƙarfin da ke buɗa sararin samaniya yana iya sauyawa da zamani, abin da masu bin hanyar Vafa suka yi hasashe, sai dai alama ce tukuna. CERN kuma na nazarin sabuwar na'ura irin LHC mai kewayen kusan kilomita 91.

Malam, kai ka yarda da shi?

Tela ne ya jefo wannan. Na ce masa ina sha'awar lissafin ƙwarai, amma a aji Daidaitaccen Tsari nake faɗa wa ɗalibai a matsayin abin da aka gwada. Tsirkiya sai wanda ya biyo ni bayan an tashi.